Na Ari Sunan Kakana, Ya Zo da Bindigarsa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ta tashar Gaya ba, kuma ko na so mantawa mutanen gari ba za su bar ni ba. Amma kafin komai bari in gyara wata magana, don na gaji da jin ta a karkace. Duk wanda ya kalli bidiyon da ya yi ta yawo a wayoyi cewa yake yi kakana ya rikice, tsufa ya taɓa masa kai, ya ɗauko bindiga zai bi yara yawon buɗe ido ya harbi giwar gwamnati. Ƙarya ne. Da hankalinsa garau ya zo, kuma duk abin da ya yi a ranar yana da dalili. In akwai wanda kansa ya taɓu a tashar nan, to wata ce mai baƙin tabarau da takalmin kambas, tana ta ɗaga murya kamar mai tallan maganin tsutsar ciki. Ni ke nan. Mai bidiyon ne ya yanke wurina ya bar na tsoho (Allah ya saka masa daidai da aikinsa).

Tun da na gama sakandare nake tsaron kemis ɗin ƙanin babanmu a bakin kasuwa. Aiki ne na zaman jira, ni kuwa ban iya jira ba. Sauran 'yan mata in sun sami data ɗinki suke kallo da kwalliya. Ni ɓauna nake kallo tana shan ruwa, da kada yana laɓe, da giwa tana watsa wa kanta ƙasa. Har ta kai mai sayen maganin ciwon kai sai ya yi sallama ya sake kafin in ɗago.

Ana haka wani a gurup ɗinmu na tsofaffin 'yan aji ya jefo maganar a haɗa tafiya. Shi da wasa ya faɗa. Ni na karɓe ta da gaske, na ture shi gefe, na zama uwar tafiya ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Na ce Yankari za mu, kuma sai an gama kaka rani ya shiga, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suke gangarowa kogin Gaji neman ruwa. Daga nan mu yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, sannan mu zarce wajen Jos mu ga ruwan da yake zubowa daga kan dutse. Ni da ruwan da na taɓa gani yana zubowa daga sama bai wuce na indararo ba, amma in kin ji ni ina bayani sai ki rantse a gindin dutsen aka yanke mini cibiya. Na san irin kayan da ake sawa. Na san ba a ihu. Na san biri yana ƙwace jaka. Abu ɗaya ne ban tanada ba: Baba.

Babanmu ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum mai sanyin murya wanda in ya ce a'a ba ya maimaitawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Da wa?”

Na ce, “Da 'yan ajinmu.”

“Na ce da wa. Muharrami.”

Na nufi Yaya Sani, babban wanmu. Yana ɗaure buhun taki a bayan babur zai tafi fadama, ko juyowa bai yi ba. “In bar tumatir ɗina ya ƙone in je kallon biri? Ga biri a gidanmu kullum ina gani kyauta.”

Mai hankali a nan za ta haƙura. Ni a nan dabara ta zo mini, kuma har na yaba wa kaina.

Mutum ɗaya ne a duniya Baba ba ya iya yi wa musu: surukinsa, mahaifin Ummanmu, Kaka Sule na Toranke. In Baba zai gaishe shi, tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa har a gama gaisuwa. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya tambayarsa dalili. Na lissafa cewa in Kaka ya ce shi zai kai ni, magana ta ƙare. Sauran shirin kuma mai sauƙi ne: ƙanwar Umma, Inna Larai, tana aure a cikin Bauchi, a kan hanyarmu. In mun isa sai in sauke tsoho a gidanta ya sha fura ya huta, mu mu wuce daji, a dawowa in ɗauke shi kamar ajiya. Sunansa kawai nake so. Shi kansa ban san inda zan sa shi ba.

Sai na faɗa miki ko wane ne Kaka Sule, in ba haka ba ba za ki gane girman abin ba. Maharbi ne. A da, kafin a mai da duk wani kurmi gona, in aka ce wani abu yana kashe wa mutane tumaki a yankinsu, shi ake aikawa a kira. Yana saurayi ya bi manyansa can dajin kudu, ya ga giwa da idonsa, kuma labarin nan babu jikan da bai haddace shi ba. Yanzu yanar ido ta rufe masa idanu, fari-fari kamar an ɗiga nono. Tun rasuwar kakarmu ya rataye bindigarsa ta toka a bango, kawunnaina suka karɓe noman, ya koma zaman zaure. Ana gaishe shi, ana kai masa tuwo. Ba a tambayarsa komai.

Ni da shi kuwa ba ma gaisuwar arziki. Tun ina rarrafe yake kirana amarya, ni ina ce masa ango. In na shiga Toranke tun daga nesa yake gane takuna, ya fara: “Ga mummunar amaryata nan, wadda aka ba ni don an rasa mai so.” In ce, “Wa zai zauna da ango ba haƙori?” Haka muke, mu zagi juna har Umma ta ce mu ji tsoron Allah. A duk jikokinsa da ni yake wannan sosai, don ni ce mai mayar masa.

Na hau babur na tafi. Na tarar da shi a zaure yana murza igiyar rama da hannu, aikin da ba ya buƙatar ido.

“Ango, tashi za ka yi ka kai ni daji.”

“Wane dajin? Bayan gari ma an yi masallaci.”

“Daji na gaske. Inda giwa take.”

Hannunsa ya tsaya. Na ga ya tsaya, amma ban tsaya na yi tunanin abin da ya tsayar da shi ba.

“Giwa,” in ji shi. “Har yanzu akwai?”

“Garke-garke. Da ɓauna, da gwanki, da mugun dawa.”

“Yaushe?”

“Sai an gama kaka, ciyawa ta bushe. Lokacin suke sauka kogi shan ruwa.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “Haka ne. A mashaya ake samun su. Wa ya gaya miki?”

Na ji daɗi, na gyara zama, na zazzage masa duk ilimin da na kwaso a waya. Na ce da sassafe ake fita, kafin rana ta yi zafi. Ya ce haka ne. Na ce ba a sa tufafi masu haske, sai masu launin ƙasa. Ya ce haka ne. Na ce ba a fesa turare, ba a magana da ƙarfi, in an hango su sai a yi tsit a jira. Ya ce, “Ikon Allah. Ashe a gidan nan akwai wanda ya gado ni, kuma mace.”

Ya tambaye ni, “Dajin yana da masu shi?”

Na ce, “Akwai, a ƙofa ake samun su, sai sun yarda ake shiga. Su ne ma suke raka mutum.”

“Madalla. Ba a shiga dajin wasu ba sallama. Kare fa?”

“Ba a shiga da kare.”

“Daidai. Babban nama ba na kare ba ne.”

Kin ji fa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, duk abin da ya amsa gaskiya ne, kuma ba tafiya ɗaya muke magana a kai ba. Ni dokokin masu kallo nake karanto masa, shi dokokin da ya rayu a kansu yake ji, don ashe iri ɗaya ne. Mutumin da ya shekara yana kwanto a mashaya, ta ina zai kawo a ransa cewa akwai masu tashi tun daga Gaya su ƙona mai, su yi sammako, su laɓe, su ga nama ya zo har gabansu, sannan su juyo gida hannu wofi suna murna? Jimla ɗaya ce ta rage in faɗa. Ban faɗa ba don ina sauri in kama babur kafin la'asar.

Da zan tafi ya ce, “Amarya, me ya sa ni? Ga kawunnanki masu ido.”

Na ce, “Su wa? Waɗannan ko zomo ba su sani ba. Kai ne ka san daji.”

Na faɗa ne don in rufe magana. Shi ya juya fuskarsa wajen bango.

Saƙo ya iso wa Baba cewa Kaka ya ce shi zai kai yarinya. Baba ya dube ni ya daɗe, irin kallon wanda ya san an zagaye shi amma bai ga ta ina ba, ya ce, “Tunda Baba ya ce.” Na shige ɗaki na yi rawa.

Alamu sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Umma ta dawo daga Toranke ta ce, “Kakanki fa yana ta bin gida-gida yana neman gafara.” Na ce tsofaffi ke nan, ko Wudil za su sai sun yi sallama da gari. Ta ce ya raba awakinsa tsakanin matan kawunnai. Na ce ya huta da kiwo. Ta ce ya sa an fito da shi rana yana ta tafiya daga zaure zuwa bakin rijiya, wai yana gwada ƙafarsa, kuma rabon da ta ga yana cin tuwo haka tun kakarmu tana da rai. Na ce to ai alheri na yi masa. Hankalina yana kan wane mayafi ne zai fi fitowa a hoto a gaban ruwa.

Ranar tafiya muka hallara a tasha da safe. Bas ɗin da muka ɗauka shata tana tsaye, an ɗaure kaya a sama. Ƙawata Rumaisa ta zo da kular dambu, samari da kyamarar aro da hulunan hana sallah. Ni na sha doguwar riga launin ƙasa, kambas, baƙin tabarau, ina ta ba da umarni. Baba ya zo a babur ɗinsa don ya gaida surukinsa kafin ya wuce ofis. Kaka kawai ake jira. Na ce wa direba, “Wani ɗan tsoho ne, ba ruwansa, a Bauchi zai sauka.”

Sai muka ji ƙaho.

Na ɗauka masu tallan magani ne. Ƙahon ya sake tashi, kusa, da ganga a bayansa. Mutanen tasha suka fara juyawa. Ta hanyar Ajingi sai ga babura a jere suna tafe a hankali, kowanne da tsoho a baya. Tsofaffin maharban yankin ne, waɗanda na ɗauka duk sun mutu, ashe suna nan a zaurukansu kamar Kaka. Sun ciro rigunan layu daga ƙasan adaka, wani da kwari da baka, wani da barandami, wani ya rungumo karensa a cinya. Rakiya suka yo. A gaba abokinsa ne Ɗan'azumi, ya miƙe tsaye a kan babur da ƙyar, yana kirari da muryar da ta dishe: “Sule na dawa! Mai kwana inda wasu ke gudu da rana!”

Aka kama Kaka aka sauke shi. Rigar layun ta yi masa yawa, kafaɗunta sun zubo. Ya sa kwalli a idanun nan farare. A kafaɗa ga 'yar jakar fata, a hannu ga bindiga an naɗe ta da buhu, bakinta ya leƙo. Amma a miƙe yake. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin tsawonsa ba sai ranar.

Wayoyi suka tashi sama. Na ji dariya ta fara daga cikin bas ɗinmu, ƙasa-ƙasa, sannan ta fashe. Rumaisa ta matso ta ce, “Ke, wannan ne ɗan tsohon da ba ruwansa?” Wani daga cikin samarin ya ce, “Uwar tafiya, ashe da sojojinki kika zo.” Direba ya diro yana tafa hannu: “La'ilaha illallahu! Hajiya, da wannan zan wuce shingen 'yan sanda? Wallahi ko Dutse ba za mu kai ba, a bayan kanta za mu kwana gaba ɗaya!”

Baba ya riga ya cire takalmi ya durƙusa a gaban surukinsa, a cikin ƙasar tasha da baƙin mai. Kaka ya amsa gaisuwarsa, sannan ya ɗaga kai yana laluben inda nake, fuskarsa duk fara'a.

“Ina mummunar amaryar? Ga angonki ya iso. Ko kin tsorata kin gudu?”

Tasha ta kwashe da dariya. A kowace rana ta duniya da na mayar masa, mu yi ta yi. Da na ja shi gefe na yi masa bayani a kunne. Da ko kuka na fashe da shi ya fi. Amma ni idon 'yan ajinmu nake gani, da wayoyin nan, da tafiyar da na yi wata da watanni ina ginawa tana rushewa saboda buhu da bakin bindiga. Na cire tabarau (don a ga ɓacin raina da kyau, kin ji wauta), na buɗe murya:

“Wai Kaka mene ne haka? Wa ya ce maka farauta za mu? Kallo za mu! Kallo kawai, mu ɗau hoto mu dawo! Wa yake harbin giwa yanzu? Ka tara mana mutane ka mai da mu abin dariya!”

Ganga ta tsaya. Da na tsaya tare da ita. Ban tsaya ba.

“Kai ma ba dajin za ka shiga ba, gidan Inna Larai zan ajiye ka a Bauchi! Don Baba ya bar ni ne kawai na ce da kai za mu. Me za ka harba, kai da ko ƙofar zaure sai ka laluba?”

Ban taɓa sanin tasha tana iya yin shiru ba. Har kare bai yi motsi ba. Baba yana nan durƙushe, bai ɗago ba, amma na ga bayan wuyansa. A lokacin na tuna yana wurin, kuma da bakina na gaya masa yadda na yi da shi.

Kaka ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai son ya fahimta da gaske, “Kallo?”



“A shiga daji, a sami nama a mashaya, a kalle shi, a dawo.” Ya gyaɗa kai. “To. Ai da kin faɗa tun a zaure.” Ya ɗaga yatsa ya taɓa gefen idonsa. “Kallo kam ba ni da kayan aikinsa.”

Ya miƙa wa Ɗan'azumi bindigar. Ya juya wajen Baba ya ce, “Malam, tashi. Na riga na ce ta je, kada a hana ta saboda ni.” Sannan ya juyo inda muryata ta fito, ya kira ni da sunana na yanka, cikakke, sunan da ban taɓa ji a bakinsa ba tun da aka haife ni. Ya ce, “Allah ya kiyaye hanya.”

Aka ɗora shi a babur. Suka juya ba ƙaho ba ganga. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na san inda za su: garin da ya bi gida-gida ya yi wa sallama, zai koma cikinsa tun rana ba ta yi tsaka ba.

Kin san me na yi? Na mayar da tabarau na nufi ƙofar bas. Eh. Har na sa ƙafa ɗaya. Rumaisa, wadda ta fi kowa dariya ɗazu, ta ƙi matsawa ta ba ni wuri, tana kallon tagar can gefe. Baba ya miƙe. Ya sa takalminsa, ya nuna wa yaron mota jakata a sama, aka sauko da ita, ya ɗaure ta a bayan babur ɗinsa ya tafi. Ya bar ni tsaye ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa. Direba ya ce, “Hajiya, za ki ko ba za ki ba?” Na sauke ƙafar. Bas ta tashi da tafiyata, da dambun da na sa a yi, da duk bayanin da na koya musu. Ni na taka zuwa gida a cikin kayan launin ƙasa, na ratsa kasuwa, kowa yana kallona. Su dai an ce ba a gane mai irin kayan nan a daji. A Gaya ana gane shi sarai.

Na shirya wa faɗan Umma. Ba ta yi ba. Washegari ta je Toranke ta dawo, ta zauna a bakin gado tana warware mayafi, ta ce, “Ni na kwance masa jakar.”



“Ƙuli-ƙuli ne a ciki, da garin magani, da carbi. Da likkafaninsa.” Ta ninke mayafin. “Ya ce wanda zai tari giwa da irin idonsa ba ya ɗora wa mutanen wani gari nauyin neman yadi. Ya ce dai in ta taso, shi zai tsaya a gaba ke ki samu ki gudu.”

Ta tashi ta shiga kicin. Da ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Bidiyon ya fita a ranar. An yanke shi daga saukowar Kaka zuwa ihun direba, an ɗora masa kiɗa, an rubuta wani abu a kan tsoho da giwa. Har mutanen da ba su san inda Toranke take ba sun yi dariya. Kawunnaina suka ji kunya, suka ɗauke bindigar daga bango suka kulle ta a ɗakin hatsi, suka ce kada a ƙara barinsa ya fita shi kaɗai. Mata suna zuwa yi wa Umma jaje, suna cewa, “Tsufa ke nan, sai haƙuri,” har da masu tausaya mini wai ya ɓata mini tafiya. Na gaya wa duk wadda ta tsaya saurare yadda aka yi. Ba sa so. Labarin tsohon da ya rikice ya fi daɗin maimaitawa.

'Yan ajinmu suka dawo da hotuna. Sun ga gwanki da birai, giwa kuwa kashinta kawai suka gani. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Na fita daga gurup ɗin.

Na je Toranke, ba sau ɗaya ba. Zuwan farko na tsaya a bakin zaure na tattaro ƙarfin hali na ce, “Ango, na zo.”

Ya ce, “Maraba, maraba. A kawo wa baƙuwa tabarma.”

Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta baƙi. Ya tambaye ni mutanen Gaya, ya tambayi Malam, ya tambayi kasuwa. Na ba shi haƙuri, ya ce, “Ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Na ce masa haƙoransa sun ƙara zubewa, ko zai tanka. Ya ce, “Haka ne, girma ya zo.” Da zan tafi ya sa mini albarka da sunana na yanka. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana ce mini mummuna, yanzu ladabi yake yi mini kamar matar hakimi. Ban san akwai hukunci irin wannan ba. Igiyar ramar ma ya daina murzawa, tana nan a gefe inda ya ajiye ta.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma ba mai daɗi ba. In za ki ari sunan tsoho, ki sani ba ya zuwa shi kaɗai: mai sunan yana biye, da rigarsa, da abokansa, da duk abin da ya ɗauka kin gani a jikinsa. Kuma in kina gaya wa maharbi yadda ake laɓewa a mashaya, ki daure ki kai ƙarshen zancen kafin ki tafi neman babur.

Maganarsa ɗaya ce ta ƙi barina: ba shi da kayan aikin kallo. Na yi tambaya a wajen masu kawo mana magani, na kuma tambayi wata ma'aikaciyar jinya da take saye a wurinmu. Sun ce irin yanar nan ana cire ta a Kano, tsofaffin da suka fi shi ma an yi musu sun gani, amma sai likita ya duba tukuna. Abin da na tara don tafiya yana nan ban taɓa ba. Na gaya wa Baba, wannan karon tun daga farko har ƙarshe ba tare da na ɓoye komai ba. Ya ce, “Ki tambaye shi. Shi, ba sunansa ba.”

Na tambaye shi. Ya ce, “Allah ya saka da alheri, kada a wahalar da ke.” Wato a'a, cikin ladabi.

To ni ban iya ladabi ba, kowa ya shaida. Ranar Juma'a zan koma Toranke da adaidaita sahu, in sa a tsayar da ita a ƙofar zaure. Ba zan hau tabarmar baƙi ba, a ƙasa zan zauna kusa da igiyarsa. Zan gaya masa komai dalla-dalla yadda ba zai ɗauki wani abu daban ba: asibiti za mu, ido za a duba, ba bindiga, ba ƙaho. In ya warke, rani mai zuwa ni da shi za mu Yankari, mu laɓe a mashaya mu kalli giwa mu dawo hannu wofi, ya ga irin haukan da jikokinsa suke kira hutu. Kuma ba zan tashi daga wurin ba sai ɗayan biyu ya faru: ko ya shiga adaidaitar nan, ko ya gaji ya ce mini mummuna.